Ranar da Na Binne Matata Babu Ko Kirista Ɗaya a Gefena

Lokacin da abin da zan ba ku labarinsa ya faru, ni dattijo ne da ya ajiye tuƙin babbar mota. Na kai albasa Abijan da Akra da Lome, na zauna Jos, na sha rairayin hanyar Agadas. A kan hanya na tsinci Faransanci da Turanci da Zabarmanci da ɗan Fulatanci. Da ƙarfi ya fara ragewa na yi karatun Littafi Mai Tsarki, ikkilisiyarmu ta Ƙwanni ta tura mu, ni da matata, wani ƙauye bayan Badagishiri a matsayin mai bishara. Masu bi a wurin ba su cika tabarma biyu ba: malaman lakwal, wato makarantar boko, 'yan kudu da gwamnati ta turo, da wani ma'aikacin gidan likita. Sauran gari Musulmi ne tun kakanni. Sun ba mu fili, suna amsa gaisuwarmu, amma ba wanda ya taɓa leƙa rumfar da muke sujada.

Matata ta fi ni shiga cikinsu. Tana dashen albasa da matan gari a fadama da rani, tana zaman suna da na makoki. Ni kuwa abokina ɗaya ne, wani tsoho maƙwabcinmu da muke gardamar addini ƙarƙashin itacen bedi. Kullum sai ya ce mini, Malam, ka zagaye duniya ka rasa inda za ka kai wa'azinka sai garin da ko akuya ta san lokacin salla.

Damina ta kama a shekarar da ta biyo bayan ɓarnar fara, abinci ya yi wuya. Malaman lakwal sun tafi hutu garuruwansu, ma'aikacin likitan ma an canja masa wuri. Ɗanmu da ke Maraɗi ya yi ta roƙo mu koma wurinsa ko zuwa kaka. Na tambayi matata, ta ce in mun tafi lokacin da gari ke jin yunwa, da wane ido za mu dawo mu ce musu Allah ƙauna ne. Muka zauna. Sai zazzaɓi ya kama ta. Muka ɗauka na sauro ne da aka saba, ta sha ƙwaya tana tashi tana daka. Da ya tsananta na nemi amalanken jaki, amma an tafka ruwa, ƙorama ta cika ta yanke hanya. Da hantsi ta cika a hannuna.

Na hau tudu inda wayar salula ke samun rezo na kira fastonmu. Ya ce sun taso da mota, da mata, da akwatin gawa. Bayan azahar ya sake kira yana kuka, ya ce suna tsaye a bakin ruwa, ko raƙumi ba ya haye shi. A Akra na ga an ajiye gawa cikin sanyi har wata, ana ɗinka anko. A Jos na ga zumuntar mata sun cika majami'a da waƙa har bango na amsawa. A nan zafi ba ya jira, dole a rufe ta kafin rana ta faɗi. Na zauna a ƙofar ɗaki na gane cewa ni da na sha halartar jana'iza ban san yadda ake wanke mace ba, kuma hannuwana ba za su iya haƙa kabari ba.

Ungozomar gari ce ta fara shigowa, ba ta ko yi sallama da ƙarfi ba. Ta tambaye ni yadda muke wanke namu. Na ce ban sani ba, Inna, mata ne ke yi. Ta ce to in fita in ba ta wuri, za ta wanke ta yadda take wanke nata, abin da ake karantawa ne kawai za ta bari, don matata ta riƙe mata fitila wajen karɓar haihuwa fiye da sau ɗaya. Liman ya zo bayanta, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce ba zai sallace ta ba, kuma ba za ta shiga maƙabartarsu ba, in yi haƙuri. Amma ya aiko da farin yadi daga ɗakinsa, ya ce wa samari su ɗauko diga su bi ni gonata.

A gindin wani gawo suka tsaya, maƙwabcina ya tambaye ni ina za ta fuskanta. Na ce gabas, daga can muke sa ran dawowar Ubangiji. Ya dafa kafaɗata ya ce ashe gabas ɗin dai ce, duk shekarun nan na hana shi barcin rana a banza. Na yi dariya, dariyar ta juye kuka. Suka zare kara daga dangar gidana suka ɗaure makara, suka ɗauko ta, suka sa ta a rami. Daga nan suka ja da baya suka tsaya cikin hatsi, suka bar ni in yi nawa.

Wannan tsayuwar ce har yau take tashe ni. Na buɗe Littafi na karanta. Na zo waƙa, sai na tuna matata ce kullum ke ɗaga murya, ni bi nake yi. Na buɗe baki ba abin da ya fito. Na ce amin, ba wanda ya amsa. Mutanen da suka yi mini komai suna nan kusa, amma a wannan abu ɗaya ba su da ikon taya ni.

Da ruwa ya janye ɗana ya zo ɗaukata. Ya ce Baba, wannan aiki ya ci Mama, me kuma kake jira ya ci. Ban bi shi ba. Mutane a Ƙwanni suna yaba mini, suna cewa bangaskiya. Gaskiya ni kaina ban san ko don Almasihu na zauna ba, ko don kabarin da ke gonata, ko don na kasa juya wa waɗanda suka haƙa shi baya. Wataƙila duka ukun ne. Abin da na sani, safiyar Lahadi ba na iya barin rumfar nan a rufe, ko da ni kaɗai ne.

Ga matasan da ke jin kira, ina roƙonku kada ku ɗauka wahalar aikin nan yunwa ce ko zagi. Waɗannan ana saba da su. Ku zauna da matanku ku yi maganar ciwo da mutuwa tun kuna da lafiya, kuma zazzaɓin damina kada ku jira shi ya tsananta. Ku kuma shugabannin da ke turawa, kada ku aika gida ɗaya tak bayan ƙorama ku ce Allah zai lura. Zai lura, na gani da idona. Amma ku tura wanda zai amsa amin.