Baban Barga da Goɗiyar da Ba Ta San Kiwo Ba

Baban Barga, kamar yadda kowa ke kiransa, ya shekara talatin yana kula da dawakin wani attajiri a tsakiyar gari. Bargar daɓen siminti ce da rufin kwano, benaye sun kewaye ta, ko tsinken ciyawa ba ya tsirowa. Shi kuwa a bakin fadama ya tashi, inda dawakin mahaifinsa ke kiwo cikin ciyawa har gwiwa.

A nan sai ingirici, busasshiyar ciyawar da mota ke kawowa dami-dami. Kullum da safe yakan kakkaɓe ta, ya yayyafa ruwa saboda ƙura, ya sansana ko ta yi fumfuna. Sannan ya dama dusa da ɗan gishiri, ya barbaɗa garin da likitan dabbobi ya bayar, wai ya maye abin da rana ta ƙone a ciyawar.

"Likita, kai za ka yarda a ce maka cokali ɗaya ya maye maka damina?" in ji shi.

Akwai wata farar goɗiya da aka haifa a hannunsa, ba ta taɓa taka ɗanyar ciyawa ba. Saboda ita ya shuka ciyawa cikin tsofaffin bahuna a tsakar gidansa, yana yanko mata cikin tafin hannu.

"Malam, ni shekara nawa ban ga ko ganyen alayyafo daga hannunka ba," matarsa kan tsokane shi.

Duk damina yakan roƙi maigidan a kai dawakin bayan gari ko na kwana uku. Amsar ba ta wuce, "Sai baɗi, Baba."

Da goɗiyar ta tsufa, haƙoranta suka gaza, maigidan ya aika da ita gonar ƙaninsa. Baba da kansa ya ɗora ta a mota, ya jaddada wa direba a riƙa sakinta kaɗan-kaɗan, kada sabuwar ciyawa ta murɗe mata ciki. Bai bi su ba, don sauran dawakai ukun da ke bargar ba su da kowa sai shi.

Da direban ya dawo, Baba ya tare shi a ƙofa.

"Ta ci?"

"Da farko tsayawa ta yi tana kallon filin, Baba. Can sai ta kwanta ta yi birgima."

Baba ya zauna a kan dami.

"Faɗa mini dai, ɗana, ciyawar ta kai ina tsawo?"