Tishun da Ya Raba Ni da Riyad

A lokacin shekarata sha bakwai, haifaffen Riyad, unguwar Suwaidi. Baba direba ne a wani kamfanin gine-gine, ni da Umma da ƙannena duk a kan iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, muke zaune. Ni ne ɗan gayun aji, waya ba ta barin hannuna, kafin ka gama atishawa na ɗauke ka bidiyo na ɗora. Ina da aboki guda da nake ji da shi kamar cikinmu ɗaya. Shi ma Bahaushe ne, amma kakanninsa tun zuwan Hajji a ƙafa suka zauna, don haka shi ɗan ƙasa ne. Hausarsa a karye take, ni nake gyara masa, shi kuma ya zo gidanmu ya narki tuwon Umma har da neman ƙari. Ɗan'uwa yake ce mini.

Ranar da muka gama jarabawar ƙarshe kanmu ya ɗau zafi. Shi ya kawo shawarar, wai ya ga yadda yaran Turawa ke naɗe gida da tishu, mu je mu yi wa malamin lissafin da ya takura mana. Mu huɗu muka tafi, ni da shi da wasu 'yan ajinmu biyu. Muka jira aka shiga sallar la'asar layi ya yi tsit, su ukun suka rufe fuska da rawani suka dinga cilla tishu ta saman katanga. Bishiyar dabinon gidan ta koma kamar amarya, mota ma fari fat. Ni ko ɗaya ban jefa ba, ina riƙe da waya ina sheƙa dariya. Abokin nawa ya ce in ɗora a shafina tunda ni ke da mabiya. Wallahi kafin mu bar layin na ɗora. Ban lura ba ashe matar malam ta leƙo ƙofa ba niƙabi, fuskarta ta fito tar.

Washegari askarawa, wato 'yan sandan can, suka zo har gida suka tafi da ni. A ofishinsu aka ce mini tishun ma wasa ne, yaɗa hoton iyalin mutum shi ne babban laifin, kuma shafina ne, muryata ce. Duk da haka ban tsorata sosai ba, na san ɗan'uwana zai faɗi gaskiya mu raba laifin. Aka kawo shi da kawunsa. Gayen nan ya buɗe baki da Larabci tsantsa ya ce a aji kawai ya san ni, kuma lokacin yana masallaci. Na juya na yi masa Hausa, na ce ɗan'uwa ka ji tsoron Allah. Sai ya kalli askar ya ce shi ba ya jin wannan yaren. Wallahi tsarewar da aka yi mini ba ta yi mini ciwo kamar wannan ba.

Baba ya dinga sintiri gidan malam yana ba da haƙuri har ya yafe nasa haƙƙin, aka sake ni bayan an ci mu tara. Amma kafilin Baba, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya ce shi ba ya son rigima, ko a mayar da ni Najeriya ko dukkanmu mu tattara. Ƙannena suna makaranta, me Baba zai zaɓa? Haka na sauka Kano wurin kawuna, garin da a waya kawai na san shi.

Yau sakamakon jami'a ya fito, na haye, tun safe nake ta amsa barka, Alhamdulillahi! Amma 'yan'uwana masu tasowa a ƙasar mutane, ku ji: wasa ɗaya za ku yi da abokanku, hukunci ba ɗaya ba ne, kuma zaman iyayenku ne a kan faifai. Kwanaki abokin nan nawa ya turo mini saƙo, da Hausar da ya ce ba ya ji, wai ɗan'uwa ya gida. Duk saurin yatsana, har yau ban amsa ba.