Takalman Baba

Juma'ar da ta wuce na ga takalma a kan yashi a bakin tekun Wakra, garin da muke ci-rani, ba mai su. Na tuna dattijon ɗakinmu da muke kira Baba.

Direba ne kamar ni, amma a bakin kogi ya tashi. Duk ranar hutu yana cikin masu aikin ceto na sa kai. Ba ya kula masu ihu a ruwa. Yakan ce, "Mai ihu da sauran numfashinsa. Wanda ya yi shiru za ka nema."

Wata la'asar ruwa ya kwanta lumui, jirgin ceto kuma ya yi nisa. Baba ya nuna min kan wani mutum can ciki, yana nutsewa yana tasowa, shiru.

Na ce, "Baba, wasa yake yi."

Ya ce, "Riƙe min takalmana."

Mutumin ya tsira. Baba kuwa sai washegari ruwa ya maido da gawarsa.

Takalman suna ƙarƙashin gadona. Na shanya su har na gaji, kullum da danshi da warin gishiri.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya kama hannunsa ranar da kowa zai yi shiru.