Akuyata da Sikelin Baturiya

Har yau in na ji an ce wai masu bincike sun zo gari, sai raina ya ɓaci. Na san abin da bincike ya ci mini.

Zamanin Turawa ne, ina da goyon fari, a wani ɗan ƙauye gab da Yasore. Sai ga saƙo daga Batsari cewa wata Baturiya za ta zauna da mu. Wai wata babbar makaranta a ƙasarsu ce ta ɗauki nauyinta, ta zo ta ga abin da talaka ke ci. Ji wani aiki! Ta rasa lokacin zuwa sai bazara, rumbu ya yi ƙasa, muna ta fama da kwaɗon tafasa da tuwon dusa.

Gidanmu aka zaɓa. Ta iso da 'yar Hausarta da ɗan sikeli, ta ce kada mu canza komai, mu dafa abin da muka saba, ita aunawa kawai za ta yi. Surukina ya ce to. Tana juya baya ya sa aka kama zakara. Shi a wurinsa baƙo ya ga tuwon dusa a gidansa, gara a ce ya mutu.

Haka muka yi ta yi. Kullum a yanka kaza, ta ɗora a sikeli, ta yi murmushi, a zuba mata rabi, sauran a kai wa maza a zaure. Mu mata sai ta koma masaukinta muke fito da kwaɗonmu. Kaji suka ƙare, aka shiga zabi. Ni kuwa hankalina na kan jar akuyata, wadda mahaifiyata ta ba ni ranar da aka kawo ni daga Safana. Ko haihuwar fari ba ta yi ba. Ita ce kaɗai abin da zan nuna a gidan nan in ce nawa ne.

Surukina ba a haɗa ido da shi, balle musu. Sai na samu uwar mijina a madafa.

"Inna, a faɗa wa matar nan gaskiya mana. Ita fa ta ce kar a canza komai."

"Ke 'yar nan, mi kike so a ce? A tafi da sunan gidanga har Ingila, a ce dusa muke ci?"

Na koma kan maigidana, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ki yi haƙuri, Baba ya riga ya yi magana." Haƙuri! Kowa ya iya ba da shi in ba akuyarsa ba ce.

Ana jibi za ta tafi, Baturiya ta tsayar da ni a tsakar gida ta ɗauke ni hoto. Washegari aka yanka akuyar don sallama. Ni na dafa ta, ina kuka ina cewa hayaƙi ne. Baiwar Allah ta auna cinya, ta yaba mini girki. Ban taɓa jin haushin yabo irin na ranar ba.

Bayan shekaru masu yawa, jikana ya dawo daga jami'a da wani littafi, yana ta rawar jiki. Wai aikin matar ne, ya sa ta shahara, har yau ɗalibai na karanta shi. Ya fassara mini inda ta ce manoman wajenmu ba sa rasa nama ko da bazara. Na ce sannunta da ƙoƙari.

Sai ya buɗo hoton. Ga ni tsaye da goyo, fuska a murtuke. Yana ta nuna fuskata, ni kuwa bayana nake kallo, inda jar akuyata take ɗaure a turke tana cin harawa.

Na ce, "Ka ga waccan? Ita ce naman da ba ma rasawa."