Ranar da Aka Naɗa wa Yayana Rawani

Shekarar da ruwan madatsar Bakolori ya tashe mu daga ƙauyenmu na gefen Maradun, ba rabuwa da gonaki ce ta fi girgiza ni ba. Abin da na gani ne ranar kwashe kaya. Gidajen da nake shiga kullum ɗibar wuta, sai ga shi ana fito da mutane daga ƙuryar ɗakunansu, mutanen da ban taɓa sanin an haifa ba. Wani har da gemu, wata budurwa ta kasa buɗe ido saboda rana, kusan kowa da igiya a ƙafa. Duk irin yayana ne, jiki ya girma amma hankali ya tsaya a yarinta. 

Yayana dai a sake na san shi. Mu mahauta ne, kullum yana mayanka yana wankin hanji, yana gaida shanu ɗaya bayan ɗaya kamar surukansa.

Da muka sauka a sabon matsuguni, tun kafin a gama danga aka kafa turaku, aka sake ɗaure su. Innarmu ta kasa haƙuri. Ta je wurin sarkin guragu don ya karɓe su cikin jama'arsa, ya ce ƙafafunsu lafiya lau. Sarkin makafi ya ce ai suna gani. Sai ta wuce gun mai gari, ta ce a ba ta jagorancinsu don a daina ɗaurin nan. Ya ce al'ada ba ta ba da haka ba: makaho ke sarautar makafi, gurgu ke ta guragu, sai dai ta kawo ɗaya daga cikinsu. Da wasa ya faɗa, amma Inna ba ta san wasa ba. Washegari ta sa yayana ya yi wanka, ta tasa shi gaba.

Gari ya taru kallon abin dariya, ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Aka naɗa masa wani tsohon rawani a karkace. Mai gari, yana danne murmushi, ya ce, "To sarki, mi kaka so a yi ma jama'akka?"

Yayana ya sunkuya. Sai ya janye ƙafar wandonsa. Wani farin tabo ya zagaye idon sawunsa, wanda tun ina ƙarami aka ce mini ƙunar wuta ce.

"A kwance su," ya ce. "Igiya da zahi. Inna ta sani."

Dariya ta ɗauke ɗif. Na waiwaya ina jiran Inna ta musa. Ba ta musa ba.

"Ni naɗ ɗamre shi, ranka shi daɗe, shekara da shekaru," ta ce a hankali. Sannan ta juya ga babanmu, ta ce ya ara mata wuƙarsa ta je ta yanke igiyoyin nan.