Majigin Yayana da Kogon Kaka

Ko tsufa ya rikita ni, ba na jin zan manta ranar da yayana ya ƙaddamar da majiginsa a gidanmu na Madabo.

Yayan nawa irin mutanen nan ne da in sun samu sai unguwa ta sani. Ya gina falo a ƙofar gida, tagogin gilashi manya-manya ta kowane ɓangare, ga farin tayil. Abin da ya tsone masa ido shi ne ɗakin ƙasa na kakarmu, mai 'yar taga kamar tafin hannu. Kogo yake kiransa. Har ya yi magana da magina su rushe shi bayan Salla. Tsohuwar kuwa kuka take yi a ɓoye, don a nan ta haifi babanmu.

Ana nan sai ya sayo majigi. A shago mai duhu aka gwada masa, ya ga an jera sifili a jikin kwali wai ƙarfin haskensa ke nan, bai tambayi ko zai iya da hasken rana ba. Ya gayyato abokai kallon ƙwallo da la'asar, har da lemo.

Aka kunna. Murya raɗau, bango kuwa fari fat, sai wasu inuwoyi da ke gilmawa. Wani ya ce, "Alhaji, aljanu ne ke buga wasan?" Nan aka shiga toshe tagogin da ake taƙama da su, da bargo, da darduma, har zanen gadona aka aiko na kai. Falo ya koma tanda, haske bai daina shigowa ba. Gumi ya jiƙa masa shadda sharkaf. Wallahi ban tausaya masa ba, dariya na yi ta yi a bayan ƙofa.

Sai Kaka ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, kawo abin naka kogo mana."

Ya ɗauka, kai a sunkuye. Ana haskawa a bangonta mai farar ƙasa, sai ga ciyawa shar, har lambar rigar 'yan wasa ana karantawa. Ga sanyi. Manyan alhazai suka zube a tabarma.

Da aka tashi ta ce, "Yaushe ma ka ce maginan za su zo? In fara kwashe kayana."

Ya ce, "Waɗanne magina, Kaka?"

Har ta rasu ɗakin yana nan, majigin ma a can ya tare, kuma sai ta gama kallon ɗawafi ake ba yaya dama. Tun ranar na koyi cewa kafin ka sayi majigi ka fara duba tagoginka, kafin ka rushe ɗakin tsohuwa kuma ka tabbata ba za ka zo aro ba.