Ranar da Kwamfutar Jibirin Ba Ta Ji Ba

Bango ɗaya ya raba shagona na ɗinki da na Jibirin mai ɗaukar waƙa a Gwarzo. Shekara da shekaru yana ɗaukar masu bege da mawaƙan biki da wata tsohuwar kwamfutar tebur mai gurnani kamar injin markaɗe. In ta ɗau zafi sai ta sandare, shi kuma ya zauna yana mata fifita. Ni ne na ishe shi da tsiya: "Jibirin, wannan kwamfuta ce ko majinyaciya? Canja ta mana!"

Kullum amsarsa ɗaya: "Tana jin murya. Me kuma nake nema?"

Rannan sai ga Raliya, 'yar Baba Dalhatu na Dugabau, tsohon da ya rage cikin masu yi wa manoma waƙa a gayya. Ciwon ƙirji ya ci ƙarfinsa, tana so a ɗauki muryarsa tun da sauran numfashi. Jibirin ya ji tsoron kada kwamfutar ta sandare ana tsakiyar waƙa. Na ƙara zuga shi, ya tafi Kano ya yi musayarta da sabuwa.

Sabuwar kam ba laifi, ga sauri, ga shiru. Sai da ya zo haɗa akwatin da makirfo ke shiga ya ga wayar akwatin ba ta da mashiga a jikin kwamfutar. Mahaɗin da zai dace kuwa sai an aiko daga Legas, mako guda. Washegari da hantsi aka sauke Baba Dalhatu daga babur, cikin babbar rigarsa ta Sallah.

Na ja Jibirin gefe na ce, "Faɗa musu gaskiya."

Ya ce, "Dattijo ya taso tun daga Dugabau da wannan ƙirjin, in ce ya koma? Da wane baki? In mahaɗin ya iso, ni zan bi shi gida in ce za mu maimaita."

Haka tsoho ya zauna gaban makirfo ya yi ta waƙa har azahar, yana kiran manoman da suka daɗe a ƙasa, kowa da gonarsa. Jibirin na gyaɗa kai kamar yana ɗauka. Ko a waya bai ɗauka ba, wai kada tsoho ya ga an raina shi. Ni ma tawa na aljihu, na saki baki ina sauraro. Har yau in na tuna sai in ji haushin kaina.

Mahaɗin ya iso ran Talata. Baba Dalhatu ya rasu tun Lahadi.

Jibirin ya daina hira. Bayan sadakar bakwai na ji sallamar Raliya ta bango, na tsayar da keken ɗinki.

Ta ce, "Malam Jibirin, Inna ce ta aiko ni. Ta ce kada ka gyara komai. Ko tarin da ya yi a ciki, ka bar mana."